Injin Bugun Man Kaɗe da Sunan Ɗan Bawku

Akwai abubuwan da shekaru ke goge wa mutum har ya riƙa tambayar kansa ko da gaske sun faru. Wannan da zan ba ku labarinsa ba ya cikinsu. Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba zan manta da shekarar da muka zauna muna kallo aikin yayana da abokinsa ya suɓuce daga hannunmu ba, ba tare da ɓarawo ya fasa mana ƙofa ba.

Ni 'yar Salaga ce, nan aka binne cibiyata, kuma sana'ata man kaɗe, wurin innarmu na gada. Wanda ya ga man fari tas a ƙwarya sai ya ɗauka daga sama ya faɗo. A tsinto kaɗanya, a dafa, a shanya, a fasa, a soya, a kai niƙa, duk wannan wasa ne. Aikin yana wurin bugu. Mace za ta duƙa kan baho, hannunta cikin ƙullu har gwiwa, tana bugawa tana yayyafa ruwa, sai man ya ga dama ya rabu ya taso. Tun ban kai ko'ina a shekaru ba bayana ya ƙi miƙewa, har sallah na koma yi a zaune kamar tsohuwa.

Yayana kuwa mai walda ne, shagonsa na kusa da inda ake lodin doya. Yana da abokin aiki, mutumin Bawku, Kirista, wanda ya zo Salaga tun yana saurayi ya zauna. Kwano ɗaya suke ci. In azumi ya kama, ɗan Bawku ba ya kai ko ruwa bakinsa a cikin shago, sai ya zagaya baya. In Kirsimeti ta zo, Yaya da kansa ke kai masa zabi. 'Ya'yana Kawu suke ce masa, ni kuwa ban da aiki sai tsokanarsa, don mutum ne mai shiru, kuma ni mai shiru ba ya tsira a hannuna.

Wata rana ya zo gidanmu karɓar saƙo, ya tarar ina bugu. Maimakon ya karɓa ya tafi, sai ya tsuguna ya zuba wa hannuna ido.

"Sista, sake yi in gani."

Na ce, "Ba ka da aiki ne yau? Ko wahalata ce ta zama sinima?"

Ya ce, "A'a. Hannunka ba shi juyawa. Shi na mari, shi na ɗagawa. Inji duka da na gani, juyawa kawai su ke yi, shi ya sa mai ba shi tashi da kyau."

Na yi tsaki na ci gaba da aikina. Ashe maganar ta zauna masa. Daga ranar shi da Yaya suka shiga haukan ƙere-ƙere. Tsohon duro, sarƙar babur, fedar keke, duk abin da mutane suka yar su suna tsinta. Na farko da suka gwada sai da ya watsa wa Yaya ƙullu har cikin gemu, na yi dariya har da hawaye, na ce su biya ni kaɗanyata. Suka yi ta ɓatawa suna gyarawa, damina ta wuce, rani ya shiga. Daga ƙarshe ɗan Bawku ya lanƙwasa fukafukan ƙarfe guda biyu kamar tafin hannu, ɗaya na mari ɗaya na ɗagawa, Yaya kuma ya haɗa musu haƙoran da ke juya su saɓanin juna. Ranar da na zauna kan kujera ina taka feda, na leƙa na ga mai ya taso fari, wallahi kuka na yi. Na miƙe tsaye bayana bai ce mini komai ba.

A nan zan tsaya in gaya muku wani abu game da gidanmu, don in ba ku san shi ba sauran labarin ba zai zauna muku ba. Yaya ɗan wata tsohuwar ƙungiyar zumunci ce ta maƙera da masu aikin ƙarfe, mai rassa a Salaga da Yendi da Bawku. Tun zamanin fataken goro kakanni suka kafa ta. Wanda zai shiga sai ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai ci amanar ɗan'uwa ba, ba zai ɓoye masa sana'a ba. Saboda haka Musulmi kaɗai ke shiga, kuma maza. Ba zan zage ta ba, ko yau. Ita ta yi jana'izar babanmu, ita ta rufa wa innarmu ɗaki da iska ta yaye kwano. Sai dai duk daɗewar ɗan Bawku a shagon Yaya, duk ƙarfen da ya gyara wa dattawanta, a wajensu baƙo ne.

Al'adarsu ita ce kowace shekara bayan kaka a haɗu a ɗaya daga cikin garuruwan nan uku. Duk wanda ya ƙera sabon abu a shekarar, wajibi ne ya kawo shi tsakiyar fili ya kwance shi ƙusa-ƙusa a gaban 'yan'uwa, kowa ya gani ya koya. Suna ce wa wannan buɗe ciki. Abin da aka buɗe cikinsa kuwa ya zama amanar ƙungiya, mai shi ba ya yin gaban kansa da shi.

Shekarar nan a Yendi aka yi. Muka ɗora injin a motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ni da Yaya da ɗan Bawku. An shimfiɗa tabarmi an kewaye da igiya, 'yan ƙungiya a ciki, mu mata da 'yan kallo a waje. Ɗan Bawku ya taya Yaya sauke injin har bakin igiya, sannan ya ja baya ya tsaya kusa da ni ya harɗe hannu. Yaya ya kwance komai, ya ɗaga fukafukan sama ya nuna yadda aka lanƙwasa su, ya faɗa da ƙarfi cewa wannan dabarar abokinsa ce, ga shi can tsaye. Dattawa suka ɗaga masa hannu daga nesa, aka sa albarka. Samari kuwa kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Ni a lokacin har wani fankama nake yi, ina cewa su matso su ɗauka da kyau. Rashin sani ya fi dare duhu.

Watanni suka shuɗe, muna ta murna, mata na zuwa gidana kallon inji. Sai wata rana na kai wa wata Hajiya mai a Yendi, tsohuwar mai cinikina ce. Na tarar 'yarta ta zo hutu, lauya ce a Tamale. Tana jin an ce ni ce mai injin, ta ajiye cokali.

"Mma, kun yi masa rajista kuwa kafin ku nuna?"

Na ce, "Rajistar me? Mota ce?"

Ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani kamar mai koya wa yaro baƙi. Ta ce akwai takarda da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu, ana ce mata takardar haƙƙin ƙirƙira. Kai za ka rubuta yadda abin yake dalla-dalla ka miƙa, ita kuma hukuma ta ba ka shekara ashirin da ba wanda zai ƙera shi ko ya sayar a ƙasar nan sai da izininka. Amma da sharaɗi: sai abin ya zama sabo, wanda duniya ba ta riga ta gani ba. In ka baje shi a fili kafin ka kai takarda, ka fara kashe kanka da kanka.

Na ce, "To ai mun baje, har ƙusoshi."

Ta ce, "Doka ta bar ƙofa ɗaya. In mai abin ne da kansa ya nuna, yana da wata goma sha biyu daga ranar ya shigar da takarda. In ta wuce, ta wuce, ko wa ya roƙa." Sannan ta tambaye ni su wa suka ƙirƙira. Na ce yayana da abokinsa. Ta ce to haƙƙin nasu ne su biyu. Ƙungiya na iya riƙewa in sun yarda sun sa hannu sun miƙa mata, amma sunan wanda ya ƙirƙira dole a rubuta shi na gaskiya, ba a cire kowa.

Na hau mota na dawo Salaga ban ko tsaya karɓar ƙwaryata ba. Na zayyana wa Yaya da abokinsa komai. Ɗan Bawku ya ce shi ya yarda, ƙungiya ta riƙe, matan da ke bugu su samu sauƙi, shago ya samu aiki. Na ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Ashe yanzu ta fara.

Dattawan reshen Salaga suka zauna a zauren babbansu. Ni ba ni da wurin zama a can, amma ni na dafa abincin, don haka na yi ta shiga da fita da kwanuka ina kasa kunne. Kuɗin rajista ba su dame su ba, sun ce za su haɗa. Inda gizo ke saƙa shi ne sunan. Wani ya ce takardar ƙungiya ba ta taɓa ɗaukar sunan wanda bai rantse ba. Wani ya ce in an rubuta shi yana da rabo a amanar ƙungiya, wanda ke da rabo kuwa ɗan ƙungiya ne, to ya shigo ta bayan gida ke nan. Wani ya ce a rubuta Yaya shi kaɗai, a sallami abokin da wani abu. Daga ƙarshe babbansu ya ce wannan magana ta fi ƙarfin reshe ɗaya, a bari sai taron shekara a Bawku, rassa uku su yanke.

Ban san lokacin da na dire kwano ba. Na ce, "Baba, ku gafarce ni, lauya ta ce abin nan yana da wa'adi. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Yaya ya harare ni kamar ya haɗiye ni. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "'Yata, gaskiya ba doya ba ce da za ta ruɓe. Duk garin Yendi sun ga wanda ya kwance injin nan. Taro kuma zai zo kafin shekara ta zagayo. Je ki kawo mana ruwa."

Na fita ina huci. Har yau in na tuna murmushin nan sai zuciyata ta yi zafi, don ba na mugunta ba ne. Ya yarda da abin da ya faɗa har cikin ransa.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne a shago. Ɗaya daga cikin dattawan ya zo da niyyar gyara, ya zauna kan benci ya ce wa ɗan Bawku, ai abin mai sauƙi ne, ya musulunta kawai, ya rantse, a rubuta sunansa har da ado. Ina wurin. Ɗan Bawku ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa a hankali.

"Baba, ni na girmama addininku paa. Amma in na shiga don takarda, ku kanku ba za ku yarda da ni ba. Ni ban hana ku inji. Suna na kawai na ke so a sa, yarana su gani su ce baba ya yi."

Ya juya ya dubi Yaya, yana jiran ya ce wani abu. Yaya ya sunkuyar da kai yana ta goge wani ƙarfe da ba ya buƙatar guga. Tun daga ranar na lura kwanon abincinsu ya zama biyu.

Na bi Yaya gida na tsare shi. Na ce su biyu su tafi wurin lauya su shigar da takardar da sunansu, in ya so daga baya a daidaita da dattawa. Ya ce, "Na dafa Alƙur'ani. Abin da na buɗe cikinsa ba nawa ba ne ni kaɗai." Na ce rantsuwar ta ce ka ci amanar wanda kuke ci kwano ɗaya? Ya ce, "Ke ba za ki gane ba. Su suka sa Baba a kabari." Na ga idonsa ya kawo ruwa. Gaba kura, baya sayaki, haka yayana ya kwana ya tashi a watannin nan har ya rame. Na koma wurin ɗan Bawku na ce to shi ya je shi kaɗai. Ya girgiza kai ya ce, "Mu biyu mu ka yi. Ba ni zuwa bayan shi."

Muka zuba ido ga taron Bawku. Da an yi shi a kan lokaci da mun tsallake da ƙyar. Ana saura kaɗan sai ga labari daga Yendi, babban shugaban rassa uku ya rasu. Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne. Amma a al'adarsu ba a taro sai an yi sadakar arba'in, kuma ba a yanke magana sai an naɗa sabon shugaba. Na je gaisuwa, ina zaune cikin mata ana addu'a, ni kuwa lissafin wata nake yi a zuciyata, ina jin kunyar kaina. Lauyar ta same ni a tsakar gida ta ce, "Mma, lokaci fa." Na ce mata wa zan tara da maganar inji a gidan mutuwa?

Da aka yi taron daga baya, har Bawku na bi su. Aka shimfiɗa tabarmi, aka ja igiya, ɗan Bawku ya tsaya a waje a garin da aka haife shi. Aka yi ta ja-in-ja har rana ta take. Sai wani tsohon malami daga reshen Yendi, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya nemi a ɗaga shi tsaye.

"Rantsuwar shiga ta Musulmi ce, ba wanda ya ce a taɓa ta. Amma wa ya gaya muku in kun rubuta sunan mutum a kan aikin hannunsa ya zama ɗan ƙungiya? Haƙƙi ne, kuma haƙƙin maƙwabci ko ba addininku ɗaya ba sai an tambaye ku shi. Ku rubuta sunansa, ku ba shi rabonsa, ku ba shi haƙuri."

Shi ke nan fa. Maganar da ta ci mana shekara, tsoho ya kashe ta kafin shayi ya huce. Aka yi kabbara, Yaya ya tsallake igiya ya rungume abokinsa, ni na rangaɗa guɗa har muryata ta dushe. A raina ina cewa ai hukuma ma mutane ce, in an yi mata bayanin rasuwa za ta duba.

Muka tafi Tamale mu uku, da sabon shugaba na huɗu. Lauyar ta buɗe hoton bidiyon Yendi a wayarta, ta nuna mana ranar da aka ɗora shi a intanet, ashe wata goma sha biyun sun riga sun wuce. Shugaba ya ce a gaya wa hukuma rasuwa aka yi. Ta ce, "Baba, doka ba ta san da wannan ba. Abin da kuka nuna da hannunku shi ne yanzu zai tsaya ya ce injin ba sabo ba ne." Yaya ya tambaya da wata murya da ban san shi da ita ba, to yanzu na wane ne? Ta ce na kowa ne. Ba wanda zai iya yi masa rajista, ba kuma wanda za a hana ya ƙera. Muka tashi muka kamo hanyar Salaga.

Ba a daɗe ba sai ga injuna irin namu daga Kumasi a bayan manyan motoci, an shafa musu koren fenti, an manna sunan wani kamfani, sun fi namu kyau da araha. Fukafukan nan ne dai, lanƙwasar nan ce. Na so in tsine musu, na rasa ta inda zan fara, don ba su saci komai ba, mu muka ce su matso su ɗauka da kyau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aikin shago ya ja baya har ya kasa riƙe gida biyu. Ɗan Bawku ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu, ba faɗa ba zagi, sun yi sallama kamar baƙi. Yaya bai sake ƙera wani sabon abu ba. Ƙofa da taga yake yi har ƙarfinsa ya ƙare, in an tayar da zancen injin sai ya tashi ya ɗauki buta.

Bayan wasu shekaru sayen kaɗanya ya kai ni Bawku, na ce sai na nemo shi. Na same shi a wata rumfa bayan kasuwa, furfura ta cika masa kai, yana tsugune gaban ɗaya daga cikin korayen injinan nan ya kwance cikinsa. Mai injin, wata mata mai jiki, tana tsaye a kansa ta riƙe ƙugu tana faɗa.

"Kai, tsoho, yi a hankali! Wannan ba irin tarkacenku ba ne, manyan injiniyoyin Kumasi su ka yi shi. In ba ka san kanshi ba, ka bari in kai wurin wanda ya sani."

Na buɗe baki zan wanke ta tas. Ya ɗago ya gan ni, ya ɗaga mini hannu alamar in bari. Ya ce mata, "Yoo, madam, zan yi a hankali." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Sista, sannu da zuwa. Yaya bayanka? Shi na ciwo har yanzu?"

Na ce masa ciwon ya daina. Ya ce to madalla, ya sunkuya ya ci gaba da ɗaure ƙusa. Na juya na fuskanci bango na yi kukan da ban yi ba a Tamale.

Abin da wannan ya koya mini, na farko mai sauƙi ne, kuma ina gaya wa duk mai sana'ar da ya zauna kusa da ni: in Allah ya buɗa maka wata dabara, ka kai ta ofis kafin ka kai ta fili. Na biyun shi ne mai ciwo. A cikin mutanen nan duka ba mugu ko ɗaya, kowa amana yake ganin yana karewa, kuma daga ƙarshe sun yanke gaskiya. Sai dai haƙƙin mutum yana da ranarsa. In ka san nasa ne, ka miƙa masa yau da hannunka, kar ka ce sai an taru. Mu mun jira aka taru, aka yarda a rubuta sunansa, sai aka rasa takardar da za a rubuta shi a kai.